Ɗakin da Na Nema wa Muryar Dada

Wani gurnani ne siriri, kamar na ƙudan zuma da aka rufe a cikin tulu. Shi nake fara ji duk lokacin da aka ambaci Abuja, kafin in tuna faffaɗan titi ko dutsen nan da ya tsaya wa garin a ka. Tun da na dawo ƙawayena suke tambayata yadda tafiyar ta kasance, ina ce musu sai an zauna. An zauna ba adadi ban faɗa ba. Da farko gani nake labarin bai kai a bayar ba, daga baya kuma ya fi ƙarfin bakina. To ga shi a rubuce, kowa ta karanta ta huta da tambaya.

Abin da ya kai ni muryar kakata ce, Dada, wadda na ci sunanta. Bayan na gama jami'a, ina zaune a gida a Azare ina jiran kiran bautar ƙasa, na riƙa ɗaukar waƙoƙinta da 'yar rikoda: na niƙa, na daka, na daɓe, da waɗanda ake yi wa yaro in ya ƙi barci. Tun da injin niƙa ya shigo unguwa ba mai durƙusawa gaban dutse, balle ta yi waƙa. Na ƙudurta in buɗe musu shafi a intanet. Mai kafen intanet na garinmu ya taya ni tsara shafin, amma ya ce shafi kamar mutum yake, sai da masauki, wato wata babbar na'ura da ba a kashewa, wadda za a ajiye shi a ciki duk mai so ya same shi.

Na yi wa Dada bayani. Sai ta ba ni labarin yayarta Kulu, wadda ban tarar ba. Ta ce suna 'yan mata wani Bature ya zo da akwati mai igiya, ya sa Kulu ta yi waƙa a bakin dutsen niƙa, ya naɗe ya tafi da ita ƙetaren ruwa. Ba su sake jin labarinsa ba. Kulu kuwa ba ta ƙara waƙa ba har ta koma ga Allah, ta ce an tafi da mai kyaun, saura ɓawo aka bar mata.

Na ce mata ai in an saka a intanet, ko mutumin ƙarshen duniya zai iya ji. Ta ce wannan ba komai, baƙo ya zo ya ji ya tafi.

"Amma muryar ta kwana a gida, takwara," in ji ta. "Kada ta ƙetare ruwa. Ki nema mata ɗaki inda in na so zan hau mota in je. Kuma ki gani da idonki, ba a kai kaya ɗakin da ba a gani ba."

Na yi mata alkawari. Ranar tafiya ta ba ni ƙullin daddawa da kwalbar man shanu in kai wa mai gidan da zai karɓi muryar, da turaren wuta na ƙarshen tukunyarta, wanda take ɓoyo, ta ce in turara ɗakin kafin a shigar da ita.

Na shiga motar Bauchi da safe, daga can na canja ta Abuja. Ba mu kai Jos ba daddawar ta fara gabatar da kanta. Wani saurayi mai kwat da ke gabana, wanda ya riga ya sanar da kowa cewa ganawar ɗaukar aiki zai je a wata ma'aikata, ya juyo yana toshe hanci, ya tambaya ko wani ya shigo da mushe. Na sunkuyar da kai. Wata mata mai sayar da dankali da ke gefena ce ta amsa masa, ta ce in da ya san mushen nan ne ya raine shi har wuyansa ya isa ɗaukar laktaya, da ya gaishe shi. Aka yi dariya, ya juya ya fuskanci gabansa. Ta tambaye ni abin da zai kai ni birnin, na ce ɗaki zan nema. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce Allah ya sa albarka, yaushe ne bikin? Na bar ta a haka, domin ban san ta inda zan fara ba.

Bayan mun gangaro daga tudun Jos zafi ya karɓe mu. Wajen Akwanga man shanun ya narke ya sami hanya ta bakin murfi, ya jiƙa mayafina mai kyau, wanda na ware don shiga ofis. Na zauna rungume da kwalbar a tsaye kamar jaririya har muka wuce Keffi.

A Mararaba motoci suka tsaya cik. Na ɗauka haɗari aka yi, direba ya ce ba komai, haka garin yake numfashi. Masu talla suna ratsa tsakanin motoci da katin waya da burodi da agogon bango, har da 'yan kwikwiyo. Na tambaye shi ina iyakar take, don ni ban ga ƙofa ba, ban ga ganuwa ba. Ya nuna gaba da haɓa, ya ce nan Nasarawa, can Abuja, bambancin kuwa ɗaya ne: a can ake aiki, a nan ake kwana. Wani ɗan sanda ya leƙo ya ce in buɗe jakata. Ya kwance ƙullin daddawa, ya ja da baya, ya ce mu wuce. Wannan ita ce takardar shigata babban birnin tarayya.

Masaukina Jikwoyi ne, wurin Rifkatu, ƙawata tun jami'a, 'yar Filato, wadda take aikin akawu a wani kantin magani. Ɗakinta ɗaya a wani dogon gidan haya, ƙofa na kallon ƙofa, banɗaki ɗaya, mitar wuta ɗaya. Ta rungume ni, ta sansana ni, ta ce, "Ma'u, ke ce ko tukunyar miya?" Ta dafa mini gwaten acca da yakuwa, mai tsami da ɗumi, muka ci a ƙasa muna hira. Muna cikin ci wuta ta ɗauke. Ba ta ko ɗaga kai ba, ta ƙwala wa maƙwabcinta kira ya cire abin dafa ruwa. Ta ce haka suke, in mutum ɗaya ya jona abu mai nauyi duk gidan ya shiga duhu. A jikin katangar gidan da ke kallonsu akwai jan fenti da aka gicciya. Ta ce alamar rusau ce, mutanen suna ciki suna jira, har sun shuka tumatir a gindinta.

Abin da ya fi ba ni mamaki gaisuwa. A gida in ka haɗu da mutum sai ka tambayi kwanansa da gajiyarsa da iyalinsa da sanyi ko zafi, shi ma ya mayar. A can kafin in kai ga gajiya mutum ya sha kwana. Ruwa a jarka ake saye, abinci a tsaye ake ci, kuma kowa oga ne, har mai tura baro. Da safe garin gaba ɗaya yakan kwarara zuwa birni kamar ruwa a kwata, da yamma ya kwararo baya. Na riƙa kallon dogayen gine-ginen da ake ɗorawa ko'ina ina tunanin wa zai kwana a ciki.

Rifkatu tana da aiki, don haka ni kaɗai na riƙa fita. Wuri na farko da mai kafe ya kwatanta mini yana Wuse, a benen wata filaza. Mai wurin wata mata ce babba, mai tabarau a kan hanci, kowa Madam yake ce mata. Tana cin gyaɗa tana magana, Hausarta irin ta garin, ba ruwanta da mace ko namiji. Ta ce masauki iri-iri ne. Akwai na haɗaka, shafuka da yawa a na'ura ɗaya, kowa da lungunsa. Akwai wanda za a yanka maka ɓangare a katange. Akwai kuma wanda na'urar gaba ɗaya taka ce. Ta ce mai shafin farko na haɗaka ya ishe shi, sauran na bankuna ne da masu son a ce. Na tuna gidan su Rifkatu da abin dafa ruwa, na tambaya ko maƙwabci zai iya jefa ni duhu. Ta ce yakan faru, amma ba kullum ba.

Sai na tambaye ta ina na'urar take, ina so in gani. Ta ajiye gyaɗar.

"Yana ƙasar waje, Hajiya. Wurin da wuta ba ya ɗaukewa. Ni haya na kama a can, ina ba mutane. Kina so ki gani, sai ki nemi biza."

Na ba ta labarin Dada da Kulu. Ta saurara har ƙarshe, ba ta yi dariya ba, amma ta ce murya ba ya sanin inda ya kwana, in koma in ce wa tsohuwa yana Abuja, wa zai faɗa mata? Na ji maganar ta soke ni. Na yi godiya na tashi, a zuciyata ina cewa wannan mata ba ta da kaka.

Wuri na biyu wani gini ne na gilashi a tsakiyar birni, inda acaba ba ya shiga, sai da na taka mai nisa a rana. Su kam na'urorinsu suna ƙasar nan, an tabbatar mini. Amma ban wuce teburin karɓar baƙi ba. Budurwar da ke wurin ta tambaye ni daga wace ma'aikata nake. Na ce daga Azare. Ta kalli tabon man shanu a mayafina, wanda wanki bai fitar ba, ta ce su da hukumomi suke hulɗa, ɗakin na'ura kuwa ko ma'aikatansu ba kowa ke shiga ba. Ta yi maganar da Turanci mai santsi, na amsa mata da irinsa, amma hakan bai buɗe ƙofa ba. Na fito na zauna a gindin wata bishiya da aka yi wa aski kamar kan soja. A gida bishiya inuwa ake nema a wurinta. Wannan ko tsuntsu bai sauka a kanta ba.

Na fara tunanin komawa hannu rabbana. A wata filaza kusa da kasuwa na tsaya wurin masu lemar da ke ba da hayar waya, na buga gida, ina gaya wa mahaifiyata a faɗa wa Dada har yanzu ana nema. Ina ajiye wayar wani ya yi mini sallama daga baya, ya ce wannan bakin ko a mafarki ya ji shi ya san na Guddiri ne, wato ƙasarmu ta Azare. Mutum ne mai kimanin shekarun babban wana, farar shadda, hula zanna, murya a ƙasa. Ya gaishe ni gaisuwa cikakkiya, tun daga kwana har gajiyar hanya har mutanen gida, ya jira amsa kowace. Rabona da irin wannan tun tashar Bauchi.

Ya ce sunansa Injiniya Sagir, mutanensa suna wani ƙauye kusa da mu, kuma aikinsa ke nan, ofishinsa yana sama. Na ba shi labarin. Ya girgiza kai a daidai wurin Kulu, ya ce haka suka yi mana, sun kwashe har muryoyinmu. Ya ce tsohuwa ta fi mu gaskiya, abin gida a gida ya kamata ya zauna. Ya ce muryar kaka ba a kai ta gidan haya ta haɗa banɗaki da shafin masu caca. Na'ura sukutum zai ware mata. Ya fi tsada nesa, amma ai ba don kowa ake yi ba.

Na ce zan iya gani?

"Ƙanwata," ya ce, "in ba ki nema ba ma ni zan ce ki gani."

Ya buɗe wata ƙaramar ƙofa a bayan ofishinsa. Ya cire takalmi, ni ma na cire. Ɗaki ne ƙarami, ba taga, sanyi kamar cikin randa. A kusurwa ga wani akwatin ƙarfe ruwan toka, tsayinsa ya kai ƙuguna, da 'yan fitilu kore suna ƙiftawa, da igiyoyi masu kauri sun shige bango. Shi ne yake wannan gurnanin. Na ɗora tafin hannuna a kansa, na ji ɗumi da 'yar rawa kamar ƙirjin mai barci. Ya ce ba ya mutuwa ko an ɗauke wuta, dare da rana haka yake. Na tsaya ina tunanin waƙar daɓen Dada tana zagaya cikinsa, ita kaɗai, ba mai buga mata ƙofa.

Na roƙe shi in turara ɗakin. Ya ce hayaƙi ba ya yi wa na'ura kyau, amma don Dada a yi kaɗan. Na sauka na roƙi garwashi wurin mai gasa masara, ta zuba mini a murfin gwangwani tana kallona. Na durƙusa gaban akwatin na barbaɗa turaren. Ƙamshin ɗakin Dada ya tashi a cikin wannan sanyi, na yi addu'ar da ake yi in an shiga sabon gida, shi kuma yana amsawa da amin daga bakin ƙofa. Na biya shi kuɗin da ya yanka, na miƙa masa daddawa da abin da ya rage na man shanu. Ya karɓa da hannu biyu, ya ce rabonsa da irin wannan tun rasuwar mahaifiyarsa. Har ya sa na sake buga waya gida aka kai wa Dada, ya durƙusar da murya ya ce, "Dada, muryarki tana hannun ɗanki." Na ji ta daga nesa tana sa masa albarka.

Da yamma na ba Rifkatu labari ina murna. Ta ce ita ba ta san kan waɗannan abubuwa ba, amma a garin nan in mutum ya gaishe ka ya wuce kima, ka taɓa aljihunka. Na ce mata ba kowa ne ya zama ɗan Abuja ba.

Komowa ba ta da labari, sai barci da ƙura da rake a Akwanga. Dada ta sa aka shimfiɗa mini tabarma kusa da ita, ta yi mini tambayoyin da ake yi wa wadda ta je ganin ɗaki. Akwai taga? Su wane ne maƙwabta? Na ce ba ta da maƙwabci, gidan nata ne ita kaɗai. Da na ambaci sanyin sai ta damu, ta ce sanyi yana kama murya, ko a aika da bargo? Na ce akwatin da ɗuminsa, na taɓa da hannuna. Ta ce to madalla, tun da kin taɓa.

Da shafin ya hau, na kai ta kafe wata safiya kafin samari su cika wurin. Aka ɗora mata abin ji a kan ɗankwali. Ta ji kanta tana waƙar niƙa, ta rufe ido, leɓɓanta suna bi. Da ta ƙare ta cire ta ce, "Ta yi ƙiba. Abuja ta karɓe ta." Daga ranar duk wadda ta shigo gidanmu sai ta gaya mata tana da ɗaki a Abuja, in ta ji sauƙin ƙafa takwara za ta kai ta ta gani. Ƙafar ba ta yi sauƙi ba. Ta rasu ina wurin bautar ƙasa, da damina.

Ba a daɗe ba shafin ya ɓace. In ka buɗe sai farin allo da wani rubutu na Turanci. Wayar Injiniya a kashe. Rifkatu ta je filazar ta tarar da masu sayar da labule a ofishin, ba wanda ya san inda ya koma. Kaset-kaset ɗin suna wurina, waƙa ko ɗaya ba ta salwanta ba, don haka na ce wa kaina kasuwa ce ta karye masa, abin da ke samun kowa. Na ma yi masa addu'a. Abin da na riƙe shi ne Dada ta tafi alkawarinta a cike.

Shekaru suka wuce kafin in sake samun zuciyar tayar da shafin. Aiki ya kai ni Abuja, na ce bari in gwada Madam. Tana nan, tabarau ya ƙara kauri, gyaɗa ta koma dabino. Ba ta gane ni ba sai da na ambaci kaka. Ta karɓi sunan tsohon shafin ta ce bari ta duba inda ya taɓa zama, don irin wannan ba ya ɓata. Ta daɗe tana kallon allo. Sannan ta juyo da shi gabana ta nuna da ɗan yatsa. Ta ce tun ranar farko a ƙetaren teku yake, a na'urar haɗaka, shi da shafuka barkatai. Kamfanin ma shi ne wanda ita take kama haya a wurinsu. Gida ɗaya ne, in ji ta, sai dai ita ta faɗa mini sunan unguwar. Ta turo mini dabino.

Na ce to akwatin fa? Na gan shi, na taɓa shi. Ta ɗaga kafaɗa ta ce ita ba ta san abin da aka nuna mini ba.

A lokacin Rifkatu ta riga ta yi aure, sun bar Jikwoyi sun koma Bwari, can na sauka. Na isa da la'asar, na zauna a falo ban iya ba ta labarin ba tukuna. Tana kicin aka ɗauke wuta. Fanka ta yi kamar za ta tsaya, sai ta ci gaba da juyawa. Daga bayan kujerar da nake zaune na ji shi, siriri, kamar ƙudan zuma a tulu. Na leƙa. Ruwan toka, fitilu kore, igiyoyi masu kauri sun shige bango.

Na kira ta na tambaye ta mene ne wannan. Ta leƙo da ludayi a hannu.

"Wannan? Inbata ne, Ma'u. Batura ne a ciki, yana ajiye wuta, in an ɗauke ya ba mu. Kowa yana da shi yanzu."

Na tambaya ko ana iya ajiye wani abu a ciki ban da wuta, ko da murya ce. Ta yi dariya ta koma kan miyarta, don ba ta san dalilin tambayar ba.

Na ɗora hannuna a kansa. Da ɗuminsa, da 'yar rawarsa, kamar wancan. Shi na durƙusa wa, shi na ƙona wa turaren ƙarshen tukunyar Dada, shi ta so a aika wa bargo. A safiyar nan da ta rufe ido a kafe tana bin waƙarta da leɓe, daga ƙetaren ruwa muryar take zuwa mata, daga inda ta Kulu ta tafi.